Sunan da Iya Kande Ta Goge

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu saurara.

A wani zamani mai zuwa, abin da waya ba ta karanto wa mutum ba, ya manta shi ke nan. Iya Kande makauniya ta adana sunayen 'ya'yanta biyar a waya, kullum da safe tana karanto mata, ita kuma tana sa musu albarka. Ran nan autarta Tasalla ta ɓata mata rai, sai ta ce wa wayar, "Goge ta, sai ta ba ni haƙuri."

Washegari Tasalla ta durƙusa. "Iya, na tuba, ki mayar da sunana."

"Baiwar Allah, 'yar gidan wa ce ke? Ni huɗu na haifa."

Har yau huɗun suna samun albarka. Tasalla kuwa kullum tana kawo koko, Iya tana yi mata godiyar baƙuwa.