Kujerar Shugaba

Ranar Litinin majalisar ɗalibai ta sa ranar yi wa kotun ƙungiyarsu jana'iza. Juma'a za a kaɗa ƙuri'a, a rushe ta, a ba wa mai aski ɗakin.

Laifin kotun ɗaya ne, zaman banza. Tsarin mulkin ƙungiya ya raba iko gida uku: shugaba ya zartar, majalisa ta yi doka, kotu ta raba gardama. Shugaba na da ofis da kujera mai juyawa. Majalisa na da lasifika da hayaniya. Kotu kuwa na da alƙalai uku, da guduma, da baƙar riga guda mai faɗin labule, amma tun da aka rantsar da su ko ɓarawon cokali ba a kawo musu ba. Ɗalibai in sun saɓa, a bayan ɗakin kwana suke gama shari'arsu da hannu, har da ɗaukaka ƙara.

Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne babban alƙali, wanda ake kira Malam Sashe saboda ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya kawo sashen doka. Tsohuwarsa ta riga ta zaga dangi kaf ta shaida musu ɗanta alƙali ne, har kawunansa sun koma ce masa Mai Shari'a. Da wane ido zai dube ta ya ce an mayar da kotunsa shagon aski?

Laraba da safe shugaba ya buɗe ofis, ya tarar da tebur ba kujera. Ihun da ya kurma har ɗakin karatu an ji.

Jami'in tsaron makaranta ya zo zai karɓi maganar, Malam Sashe ya tare shi a bakin ƙofa. Ya ce sashe na tara ya faɗa ƙarara: duk wata takaddama kan kujerar shugaba, kotun ɗalibai kaɗai ke da hurumi. Kowa ya san rikicin zaɓe ake nufi. Amma kujera aka rubuta, kujera kuma ta ɓace. Jami'in ya sosa ƙeya ya kama gabansa.

Nan take kotu ta ba da izinin bincike. Aka birkice ɗakunan kwana, aka leƙa kicin, aka leƙa bandaki, har saman rufi an hau. Babu kujera, babu labarinta.

Wanda za a zarga kuwa bai yi wuyar samu ba. Akwai Saura-Ƙiris, ɗan takarar da ya faɗi zaɓe, wanda lokacin kamfe ya hau benci ya rantse a gaban jama'a cewa kujerar nan sai ya ɗauke ta. Baki shi ke yanka wuya. Aka tisa ƙeyarsa.

Alhamis ɗakin shari'a ya cika maƙil, wasu a taga, wasu a kan kafaɗar wasu. Waɗanda suka fara shiga sun tarar babban alƙali ya riga kowa zama a bayan dogon teburinsa, baƙar riga ta bazu har ƙasa. Al'ada ita ce a miƙe idan alƙali zai shigo, amma da yake ya riga ya shigo, sai aka zauna kawai. Kowa ya ga ya ƙara tsawo da kwarjini. Aka ce ai haka mulki yake.

Mai gabatar da ƙara na dama, wanda ake zargi na hagu. Malam Sashe yana juyawa tsakaninsu a hankali, gaba ɗayansa, wuya ko motsi babu. Duk sanda ya juya hagu kuwa sai ya maka guduma, ƙwam, ko da ba wanda ya yi tari. Saura-Ƙiris ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya tabbata wannan mutumin ya tsane shi, kora ce kawai ta rage.

Shugaba ya ba da shaida kamar mai zaman makoki. Ya ce kujerarsa baƙa ce, mai taya, kuma ko a cikin dubu zai gane ta, don in an juya ta hagu tana kuka, ƙiiit, kamar ɗan tsako.

Alƙalin gefen dama ya ce a hukunta. Alƙaliyar gefen hagu ta ce babu hujja. Ido ya koma kan babba.

“Kotu na da yaƙinin ba wannan bawan Allah ya ɗauka ba,” in ji Malam Sashe. “Wanda ya kasa ɗaukar kujera da ƙuri'a, da ka zai ɗauke ta? An sallame shi.”

Ɗaki ya kaure da tafi. Saura-Ƙiris ya fashe da kuka yana sa wa alƙali albarka.

“To ni fa, ranka ya daɗe?” shugaba ya tambaya. “Ina kujerata?”

“Kwantar da hankalinka. Kujerarka tana ƙarƙashin kotu.”

Daga nan ya ɗage zama sai abin da hali ya yi, ya kuma tuna wa kakakin majalisa, wanda ke tsugune a taga, cewa sashe na goma ya hana rushe kotu muddin akwai shari'a a gabanta. Mai aski, da ya zo duba inda zai kafa madubi, ya naɗe igiyar awonsa ya fita.

Babban alƙali bai tashi ba har ɗakin ya watse, ya sa alƙalan nan biyu suka ja masa ƙofa. Ya kira tsohuwarsa a waya ya ce ta gaida kawunai, yau ya yanke babbar shari'a. Sannan ya ajiye guduma, ya tattare rigar, ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa, ya wulwula hagu iya son ransa: ƙiiit, ƙiiit, ƙiiit.