Adadin Da Ya Ƙi Rabuwa Tara

Ka ce ba ka ga amfanin sanin wace lamba ce ke rabuwa da wace ba, tunda kai ba ɗan makaranta ba ne. To, saurara. An yi wani tsohon manomi a can arewa, inda rairayi ke cin gonaki kaɗan-kaɗan duk shekara. Ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida, sai ya samo dashen darbejiya masu yawa, ya damƙa wa wani maƙwabcinsa mai ƙarfi a jika ya kafa masa shinge a bakin gona. Sharaɗi ɗaya ya gindaya masa: kowane layi itace tara, don iska ba ta ratsa kauri irin wannan. Bayan mako uku mutumin ya dawo ya ce aiki ya kammala, ya dasa dubu shida da ɗari huɗu da talatin da bakwai. Tsohon ya lura tafin hannunsa ba kantar aiki, ga shi yana magana yana kallon ƙofa. Ya sa ya maimaita adadin, ya maimaita ba gargada, kamar wanda ya haddace a hanya. Sai ya tambaye shi, "Akwai layin da bai cika ba?" Mutumin ya rantse kowane layi tara ne cif, shi da kansa ya bi ya ƙirga.

Da ya fita, tsohon ya zana adadin a ƙasa da sandarsa. Ya san duk adadin da ke rabuwa tara-tara ba saura, in ka tara alƙalumansa, abin da ya fito shi ma sai ya rabu tara. Shida da huɗu goma, da uku sha uku, da bakwai ashirin. Ashirin kuwa tara biyu ce da ragowar biyu. Ke nan ko adadin ƙarya ne, ko rantsuwar. Matarsa ta ce kada ya zargi maƙwabci a kan itace biyu. Ya ce ba biyun ne suka dame shi ba, wanda ya ƙirga da gaske ba ya kawo adadin da ba zai yiwu ba. Washegari ya sa aka ɗora shi a amalanke zuwa gonar. Layukan bakin hanya sun cika, kore shar. Bayansu kuwa fili ne fetal, sauran dashen na jibge a wani kwazazzabo cikin ledojinsu, rabi sun bushe. Ashe mutumin ya yi wa adadin wutsiya ne don ya yi kama da abin da aka ƙirga. Tsohon ya tara surukansa suka dasa abin da ya rage da rai kafin ruwa ya ɗauke, amma gefen gabas na gonar, rairayi ya binne shi a shekarar.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ramin ƙarya ƙurarre ne.