Lemon Tsami a Giyar Tsuneo

Duk garin Kagoshima an san tsoho Tsuneo mai dafa giyar da ake kira shochu: ruwan zafi kaɗai ya yarda a zuba mata. Shi ya sa Fumie, bazawara mai mashaya, ta saki baki da ya ce ta haɗa masa da lemon tsami da ƙanƙara.

"Lafiya, Tsuneo? Ko likita ya ce ka kusa tafiya?"

Ya kurɓa, ya yamutse fuska.

"Tunda wannan shirmen naki zan riƙa sha in kin aure ni, gara in fara sabawa."

Cokali ya suɓuce mata. Ta daɗe tana kallonsa, shi yana kallon kofi.

"Kawo nan, tsohon banza, kar ka mutu min kafin biki."

Ta ɗora ruwa a wuta don ta haɗa masa da ruwan zafinsa.