Ɗan Farin Inna

"Inna, me ya haɗa Baffa Serik da jininki?" na tambaye ta cikin haushi.

Likitan garin Shimkent ya ce ciwon dajin cikinta na gado ne. Ƙwayoyin halittarta ba sa gyara kansu in sun lalace, don haka a gwada duk wanda ta haifa. Ita kuwa ta kafe sai an kira ƙanin Baba, mutumin da ko leƙo ta bai yi ba, mai ce mata "matar yaya" yana yatsina.

"Shi na fara haifa," ta ce, tana kallon bango. "Kakarku ta karɓe shi yana jariri, yadda ake yi da ɗan fari. Je ki kira min ɗana."