Muryar Baban Barira

Saura mako guda a rubuta jarrabawar shiga jami'a, Barira ta koma cibiyar zuba karatu tare da mahaifiyarta, Inna Tabawa. A zamanin an daina haddar littafi. Na'ura ce ke zuba wa ɗalibi darasi a ka, amma sai an cire wani abin da yake tunawa don a samu gurbi.

Ma'aikaciyar cibiyar ta duba allonta ta ce, "Ƙanwata, kimiyya kaɗai ta rage miki, kuma tana da cin wuri. Abu ɗaya ne zai ishe ta, muryar marigayi babanki."

Tun ranar da babanta ya cika a hanyar asibiti Barira take burin zama likita. Ta riga ta ba da sunayen ƙawayenta na firamare, bai dame ta ba. Amma yadda yake kiranta daga zaure in ya dawo daga gona, da shi take tashi kullum.

"Inna, ya zan yi?"

"Shiga, 'yar nan. Shi ma abin da zai ce ke nan."

Bayan awa guda ta fito. A cikin mota ta riƙo hannun mahaifiyarta.

"Inna, yaya yake kirana?"

Inna Tabawa ta kaurara murya ta ce, "Uwata!" Ta gyara zama, ta sake gwadawa.

"Haka muryarsa take?"

"A'a," in ji Inna, tana share ido da gefen mayafi. "Ko kusa."