Shanyar Malam

Ina yanka albasa a garin Greensboro na Amurka aka bugo waya daga tsibirin da mijina yake koyarwa, wai Allah ya yi masa rasuwa.

Shekaranjiya fa yake tsokanata a waya: "Hajiya, kwana biyar rigata tana kan igiya. Daminar nan kullum sai ta sake mini wanki kyauta."

"Malam, ka shanya a ɗaki mana!"

"Sai kin zo kin nuna mini."

Na ce sai ruwa ya ɗauke zan zo.

Ban yi boko ba, amma na san hoton gajimare da na rana. Har yanzu kullum da safe nakan duba yanayin tsibirin a wayata. In rana ce sai in ce, "Malam, tashi ka kwashe shanyarka."