Makunnin Maigida

Tun da aka shafe gidajen Funtuwa da fentin nan mai ba da haske da kansa, babu mai kunna fitilar lantarki. Kasuwa ta buɗe wa Ɗanlami mai gwangwan, yana farke tsofaffin fitilu yana zare jar wayar cikinsu.

Da hantsi Inna Kande ta sauke buhu gaban rumfarsa.

Ɗanlami ya ɓalle murfin wata fitila, ya zaro naɗin waya jawur. "Kai, Inna, wannan ta da ce, mai nauyi! Masu ƙera mundaye za su yi rububinta."

Ta yi dariya. "Kwashe duka, ɗan nan. Yanzu ko allura na yar ina ganinta, ga babu ɗauke wuta."

Ya zazzage buhun, wani farin makunni ya faɗo. Ya ɗaga guduma, ta riƙe masa hannu.

"Ban da wannan. Na maigida ne, a bango zan mayar masa."

"Ai ba abin da zai kashe, Inna. Fentin ba ya mutuwa."

"Ya sani. Amma sai ya danna ya ji ƙas ɗin nan yake iya barci."